Yadda zaka sa kyamarar tsaro a baranda in jan wayar wuta ya gagara

Baranda wuri ne da mai gini baya tunanin wata rana za'a kawo wani abu mai cin wuta a kafa, ƙwan fitila ɗaya ne a silin shikenan, soket babu, bango kuma bulo ne da siminti, in ma gidan haya ne to maigidan tun ranar da ya miƙa maka makulli ya gama gargaɗinka kar ka huda masa bango. Sai mutum yaga kyamara an rubuta a kwalinta wai bata buƙatar waya ya saya da murnarsa, sai ta iso hannu sannan ya gane kowace kyamara abu biyu take nema, wutar da zata ci da kuma hanyar da hoton zai bi ya fita daga cikinta zuwa wayar hannunka ko inda ake ajiyewa. Ka raba waɗannan biyun tun farko, kowanne ka nemo masa mafitarsa daban, dan sau da yawa wanda yake kukan rashin soket a ƙarshe waifai ne yake hana shi barci.

Saboda haka kafin ka sayi komai ɗauko tsani da wayarka. Hau har daidai inda kake son kyamarar ta zauna, sa a rufe ƙofar gidan da tagogi yadda ake rufesu da daddare, wannan rufewar tana da muhimmanci sosai musamman in ƙofar ƙarfe ce dan ƙarfe yana datse sabis ba kaɗan ba, sannan ka gwada gudun intanet ɗin a wurin. Abin da zaka duba shine gudun turawa ba na saukewa ba, tunda kyamara tura hoto take yi. Kyamara mai 1080p tana son kamar 2 Mbps na turawa, mai 2K ko 4K tafi haka. In kana da manhajar da take nuna ƙarfin waifai da lamba, kusan -60 dBm lafiya lau ne, in kaga ya kai -70 ko ya wuce to ka shirya ma hoto mai tsayawa da yankewa. Kuma fa ka sani eriyar wayarka yawanci tafi ta ƙaramar kyamara kyau, in wayar da kyar take kamawa a wurin kyamarar bazata ma kama ba. Akwai wani abu kuma da yake rikita mutane ranar haɗawa, yawancin ƙananan kyamarorin nan waifai mai 2.4GHz kaɗai suka sani basu san 5GHz ba, kuma hakan ba aibu bane dan 2.4 ɗin yafi ratsa bango da nisa, amma in rautarka, wato na'urar da take bada waifai a gidan, ta haɗe su biyun a suna ɗaya wani lokacin kyamarar sai taƙi shiga, sai ka shiga saitin rautar ka rabasu ko ka kashe 5GHz ɗin na ɗan lokaci har ta haɗu.

In sabis ɗin yayi rauni fara da matso da rautar kusa da bangon da yake kallon barandar, ka ɗaga ta sama ka fito da ita daga bayan talabijin, wannan kyauta ne kuma sau tari ya isa. In bai isa ba sai ka nemi ƙaramar na'urar ƙara nisan waifai, amma a tsakiya ake sata tsakanin rauta da kyamara inda sabis yake da ƙarfi har yanzu, ba a jikin ƙofar barandar ba inda ya riga ya mutu. Wurin da babu intanet ɗin gida sam akwai kyamarori masu cin layin waya na 4G, sai dai su kuma data suke sha.

Toh yanzu wuta. Ni a nawa ganin, in dai da hali ko yaya ne, ja kebul. Mutane suna jin tsoron huda bango fiye da yadda abin yake, alhali rami ɗaya ne tal kuma aikin rana ɗaya, daga nan ka huta da hawa tsani kana sauke batir. Shiga ciki ka duba ɗakin da yake bayan bangon barandar, da wuya ka rasa soket a kusa. Cajar kyamarar ta zauna a ciki a jikin soket ɗin, siririn kebul ɗin kaɗai zai fita waje, kaga wuta mai haɗari tana cikin ɗaki, wadda ta fita waje 5V ce ko 12V da bata kisa. Wajen hudawa kar ka huda daidai saman soket ko makunni, ko ƙasansu, ko a layi ɗaya dasu ta gefe, dan masu wayarin a miƙe suke jan waya a cikin bango, sama ko gefe, kuma nan ne bakin injin zai iya cin karo da ita. Ramin ya ɗan gangara, bakinsa na waje ya fi na ciki ƙasa kaɗan, saboda in ruwan sama ya bugi bango ya koma waje maimakon ya biyo ramin zuwa ɗaki. Auna kan kebul ɗin kafin ka zaɓi girman bakin injin dan kan yafi jikin kauri. Da kebul ya fita ka bar shi ya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya hau zuwa kyamarar, ruwan da ya biyo jikinsa sai ya ɗige a gindin lanƙwasar, sannan ka toshe ramin da silikon ciki da waje saboda ruwa da ƙwari. Sauran kebul ɗin da yake bin bango a saka shi a irin dogon kwanson robar nan mai murfi da ake mannawa, yafi kyan gani kuma ba'a yanke shi da sauƙi, kebul da aka bari yana lilo a inda hannu zai kai ai ka riga ka nuna ma ɓarawo inda zai fara.

Wani abu da ba'a cika faɗa ba shine wuta tana raguwa a dogon kebul siriri. Ka sayo kebul ɗin USB mai tsawon mita goma mai araha, 5V ta shiga ta wannan kan, kafin ta kai ɗayan kan ta zube. Alamarsa kuwa a bayyane take, da rana kyamara tana aiki garau, magariba nayi fitilun ganin dare suka kunna suka ƙara jan wuta sai ta dinga mutuwa tana tashi, kai kuma kana ta zagin waifai. In nisan yana da yawa nemi kyamara mai 12V ko kebul mai kauri wanda aka yi shi dan wannan aikin.

Wanda ya fi duka a wajena shine abin da ake kira PoE, wato kebul ɗin intanet ɗaya ya ɗauko wuta da hoto gaba ɗaya, kaga matsalolin nan biyu da muka raba sun mutu lokaci guda, babu ruwanka da waifai babu ruwanka da batir. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana kaiwa mita 100, ƙa'idar 802.3af tana bada wuta har 15.4W wanda ya ishi kyamarar da bata juyawa, masu juyawa da manyan fitilu suna iya neman 802.3at mai kaiwa 30W. Abin da zaka ƙara saya ɗan ƙaramin akwati ne da yake zuba wutar cikin kebul ɗin a gefen rauta, ko na'urar ajiyar hoto mai ramukan PoE a jikinta. Reolink da Hikvision da Dahua duk suna da irinsu da yawa. Da mita 100 a hannunka ba dole sai ka bi gajeriyar hanya ba, kana iya bi ta cikin silin ka zagayo ka sauko ta silin ɗin barandar ba tare da ka taɓa siminti ba. Sai dai ka kula da jabun kebul, akwai wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, ana rubuta CCA a jikinsa, yana zubar da wuta kuma yana karyewa, nemi mai jan ƙarfe zalla, in kuma rana zata dinga dukansa to wanda aka yi dan waje.

Ɗan haya da aka hana hudawa shima bai rasa ba. Akwai kebul shimfiɗaɗɗe mai faɗi kamar zirin takarda, na USB da na intanet duka, ana bi dashi ta gefen taga ko ta saman ƙofa a rufe a kansa. Ta tagar da ba'a cika buɗewa ba zaka bi, dan wadda ake buɗewa kullum a hankali zata cinye shi.

Sai ƙwan fitilar barandar. Tunda wuta ta riga tazo wurin, akwai kyamarorin da ake murɗawa cikin mazaunin ƙwai kai tsaye, akwai kuma ɗan abin da ake sawa tsakanin mazaunin da ƙwan yana da ramin USB a gefe da zaka jona kyamara. Dabara ce mai kyau amma tana da nata, na farko makunnin fitilar dole ya zauna a kunne dare da rana, duk ranar da wani a gidan ya kashe shi bisa sabo kyamara ta mutu, sai dai ka manna masa salatif ka gaya ma kowa, ka kuma sa ƙwai mai kunna kansa in duhu yayi. Na biyu duba irin mazaunin, akwai na murɗawa E27, a Amurka E26, akwai kuma B22 na turawa a juya, da kuma ƙarfin wutar ƙasar da aka yi kayan dominta, kar ka sa abin 120V a wutar 230V. Na uku inda fitila take ba lallai nan ne ya dace da kyamara ba, fitila a tsakiyar silin take, hoton da zaka samu na tsakiyar kai ne da hula. Shi yasa na fi son mai ramin USB ɗin, wuta daga fitila, kyamara kuma ka kaita inda kake so. Kuma gaskiya da yawa daga cikin kyamarorin ƙwan nan marasa suna ba dan waje aka yisu ba, kuma manhajarsu abar tsoro ce. In kuma tunaninka shine a yanko wuta daga wayar fitilar a kafa soket sabo a waje, wannan aikin mai wayarin ne da ya san abin da yake yi, da soket mai murfi da na'urar da take yanke wuta in ta fara zuba, ba abin koyo da gwaji bane.

Gidan da yake da tsohuwar ƙararrawar ƙofa mai waya, wayoyin nan biyu siraran suna iya ciyar da kyamarar ƙararrawa irin su Ring ko Eufy, yawancinsu suna son tsakanin 16V da 24V AC, sai ka duba ɗan taransifoman ƙararrawar ko ya kai.

In duk waɗannan sun gagara sai batir, kuma anan zan ɗan daɗe dan nan ne mutane suka fi cin karo da abin da basu zata ba. Kyamarar batir bata ɗaukar hoto kullum, in tayi haka batirin ko kwana biyu bazai yi ba. Kamar maigadin da yake gyangyaɗi take, sai taji motsi ta farka ta ɗauki 'yan daƙiƙu ta koma. Abin da yake tashinta wata 'yar na'ura ce da ake kira PIR mai jin ɗumin jiki yana motsawa, kuma yadda aka yita tafi gane wanda ya gitta ta gabanta daga gefe zuwa gefe akan wanda ya taho mata kai tsaye. To ka duba baranda, mutum daga bakin hanya yake miƙowa zuwa ƙofa, in ka kafa kyamarar saman ƙofa tana kallon hanyar sak, kafin ta farka ya iso, wani lokacin ma ƙeyarsa kawai zaka gani yana fita. Maganin shine ka kaita kusurwa ko jikin ginshiƙi ta yadda mai zuwa sai ya gitta ta gabanta. Wasu suna da tsarin riƙe 'yan daƙiƙun da suka gabaci motsin, in ka samu mai shi yafi, amma yafi cin batir.

Watannin da ake rubutawa a kwali kuwa ka ɗauke su da hankali. Blink misali suna cewa batirinsu na AA guda biyu zai iya kai shekara biyu, amma lissafin na wurin da motsi kaɗan ne a rana. Barandar da take kallon titi, mota ta wuce ta farka, yara su wuce ta farka, kai kuma duk bayan awa ka buɗe waya kana leƙawa, waifai ga rauni tana ta faman neman sabis, duk waɗannan batir suke ci. Shiga manhajar ka zana mata iya yankin da kake so ta kula dashi ka cire titi, rage tsawon ɗaukar, in tana iya bambance mutum da dabba ko mota ka kunna wannan. Yanayi ma yana da nasa, batirin litiyam baya son caji in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, zafi mai tsanani kuma yana tsufar dashi da wuri, shi yasa inuwar baranda alheri ce gareshi. Kuma in zaka saya nemi wadda batirinta yake fita, ka sayi na biyu, kana cire wannan kana saka wancan, ba wadda sai ka kwance ta gaba ɗaya ka kaita ɗaki ta kwana a caji ƙofa ba kowa ba.

Farantin sola yana raba ka da wannan wahalar in an sashi daidai. Kuskuren da aka fi yi shine a kafa shi gefen kyamarar a ƙarƙashin rufin baranda, wurin da rana bata taɓa sauka, hasken inuwa ba abin da zai tsinana. Ƙananan farantan nan na 3W zuwa 6W suna zuwa da kebul mai 'yan mitoci dan dama a fitar dasu, ka kai shi bakin rufi ko gefen bangon da rana take duka na wasu awanni kullum. Wanda yake arewacin duniya ya fuskantar dashi kudu, wanda yake kudanci ya fuskantar dashi arewa, a ɗan karkace dan ruwa ya wanke ƙura, in ruwan ya daɗe bai zo ba ka goge da tsumma. Ka tabbata kan kebul ɗin yayi daidai da ramin kyamarar kuma robar da take toshe ruwa a wurin ta zauna. Sola batir yake ciyarwa ba kyamarar kai tsaye ba, in tana farkawa fiye da abin da rana take zubawa a hankali zata ƙare duk da farantin.

Wasu sukan ce to bari kawai in ajiye kyamarar ɗaki a jikin taga tana kallon waje. Da rana zata yi. Da dare fitilunta na ganin dare, wato infared, zasu bugi gilashi su dawo mata, ba abin da zaka gani sai farin haske, kuma PIR baya jin ɗumi ta bayan gilashi. In dole sai haka, kashe fitilun nata, manna idonta a jikin gilashin sosai, bar fitilar baranda a kunne, ka kuma zaɓi wadda take gane motsi daga hoton kansa.

Maganar tsayi, tsakanin mita 2.5 da 3 shine daidai, hannu bazai kai da sauƙi ba kuma fuska tana fita. Wuce haka sai ka koma kallon hula. Ta ƙararrawa ita kamar mita 1.2 ake sata. Kar faɗin gani ya ruɗe ka, masu harkar suna lissafin sai an samu ɗigon hoto kusan 250 a kowace mita kafin a tantance fuskar baƙo, 1080p kuwa ɗigo 1920 ne a faɗi, kenan da zarar faɗin wurin da take ɗauka ya wuce mita bakwai da rabi fuska ta fara zama zato. Kyamarar da take haɗiye tsakar gida da titi gaba ɗaya zata nuna maka an shigo amma bazata nuna maka waye ba. Ga baranda ƙofar ce abin tsaro, matsa kusa da ita.

Baranda kuma tana da wata matsala tata ta kanta, ciki inuwa waje rana tsaka, kyamara tana cikin inuwar tana kallon hasken, sai mutum ya fito baƙi ƙirin kamar inuwarsa aka ɗauka. Nemi mai WDR ko HDR, wato tsarin da yake daidaita haske da duhu a hoto ɗaya, ka kunna shi, ka kuma sunkuyar da ita ta rage ɗaukar sama. Da dare kuma abin juyawa yake, in farin silin ko ginshiƙi ko gefen bango ya shigo gefen hoton kusa da ita, infared zai haske shi fau kyamarar ta rage haskenta saboda shi, can nesa ya koma duhu. Ɗan juya ta kaɗan har abin ya fita daga hoton ya wadatar. Gizo-gizo ma yana son saƙa a gabanta saboda ƙwari suna taruwa wurin, zare ɗaya yana kaɗawa cikin dare zai iya cika maka waya da sanarwa, tsintsiya ce maganinsa lokaci zuwa lokaci. Ko da rufi a sama nemi mai IP65 ko sama, 6 ɗin na nufin ƙura bata shiga, 5 ɗin kuma tana jure feshin ruwa, tunda ruwa da iska ba ya tambayar inda rufi ya tsaya.

Kafawa ba tare da huda ba akwai maƙalai iri-iri, na matsewa a ginshiƙi ko ƙarfen baranda, na ratayawa a indararo, na saƙalawa a gefen ƙofa. Salatif mai manne biyu yana riƙe ƙaramar kyamara a bango mai santsi in ka goge shi tas, amma a bango mai gautsi ko fenti mai ɓarewa kar ka yarda dashi, rana ɗaya zaka tarar da ita a ƙasa. Mazaunin maganaɗisu yana da daɗin saukewa, kuma haka yake da daɗi ga duk wanda yazo ɗauka.

Sai inda hoton zai zauna, kuma ka bincika wannan kafin ka biya kuɗi ba bayan ka kafa ba. Wasu kamar Ring in baka biyan kuɗin wata-wata zaka ga abin da ke faruwa a lokacin amma bazata ajiye maka ba. Wasu kamar Tapo da Reolink da Eufy suna barin ka ajiye a katin memori ko a wata na'ura a cikin gida. Kati a jikin kyamara yana da amfanin ko intanet ya ɗauke tana ci gaba da ɗauka, illarsa in an cire kyamarar an tafi da shaidar. Shi yasa na'urar ajiya a cikin ɗaki tafi kwanciyar hankali. Lissafin girman katin ba wuya, mai ɗauka ba tsayawa a 2 Mbps tana cin kusan 0.9GB a awa, wajen 21GB a yini, kaga katin 128GB kusan kwana shida kenan kafin ta fara goge na baya, ta batir kuwa da take ɗaukar guntu-guntu zai daɗe mata sosai. Sayi katin da aka yi musamman dan kyamara mai jure yawan rubutu, na waya na gama-gari yana mutuwa shiru baka sani ba sai ranar da kake neman hoton. Kuma ka tuna in wuta ta ɗauke, kyamarar batir tana raye amma rauta ta mutu, dan haka ƙaramin batirin ajiya na rauta yana cikin kayan aikin.

Kalmar sirrin da tazo da ita ka canza a ranar farko. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da na'urorin ajiyar hoto ta hanyar gwada kalmomin sirri na kamfani kusan 60 da masu kayan basu taɓa canzawa ba, aka yi amfani dasu aka kai hari kan kamfanin Dyn mai haɗa mutane da adireshin shafukan intanet har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu in akwai, ka dinga sabunta manhajar cikinta, in rautarka tana da layin waifai na baƙi masu ziyara sa kyamarar a can daban da kwamfutarka.

Maƙwabci kuma yana da haƙƙi, kuma a wasu ƙasashen maganar har kotu take kaiwa. A Disambar 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kyamarar gida da take ɗaukar hanyar jama'a ta fita daga harkar cikin gida zalla, dokar kare bayanai ta hau kanta. A 2021 wata kotu a Oxford ta Ingila ta samu wani mutum da laifi kan kyamarorinsa, kuma ɗaukar sauti ne alƙaliyar tafi jin nauyinsa, dan makirfon ɗin yana jiyo hirar mutane daga nesa basu sani ba. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, duba ta inda kake, amma ko ba doka ka karkatar da ita daga tagar mutane da ƙofarsu, yawancin manhajoji suna barin ka rufe wani ɓangaren hoton da baƙin tabo, sautin ma in baka buƙata ka kashe. In haya kake ka sanar da maigida da waɗanda kuke shiga ta ƙofa ɗaya.

Kafin ka ɗaure ta dindindin, haɗa ta da waifai a cikin ɗaki kusa da rauta tukuna, cika batirin, bari ta gama sabunta kanta, sannan ka fita da ita ka ɗaure ta na wucin gadi da igiya ko salatif a wurin da ka zaɓa ta yini ta kwana. Duba hoton da safe, da tsakar rana, da lokacin da rana take faɗuwa, da cikin dare. Sa wani ya shigo da tafiyar da aka saba, ya sake shigowa da sauri, ya zo ta gefen bango da hula a kai, ka duba a wane taku ta fara ɗauka, daƙiƙa nawa sanarwa ta ɗauka kafin ta iso wayarka, kuma ko zaka iya gane fuskar in da baka san shi ba. Kashe waifai ɗin wayarka ka gwada buɗe ta da data kamar kana nesa da gida. In duk sun yi, sai kayi ma ramukan alama da fensir ka ɗauko injin hudawa.